Yadda muke yin adon bishiyar Kirsimeti da guntayen itace

Da zarar Disamba ta kama, shaguna a Gombe kan cika da ƙwallayen roba masu ƙyalli na rataya wa bishiyar Kirsimeti. Suna da kyau, amma kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma ɗaya ta faɗo a siminti shi ke nan. Mu a gidanmu a Tumfure da itace muke yin namu, ni da mai ɗakina da yara, har da mahaifiyata idan ta zo daga Kaltungo.

Kada wani ya ɗauka adon itace na marasa hali ne. Al'adar bishiyar daga Jamus ta fito tun ƙarni na 16, ta bazu a Ingila wajen shekarun 1840. A can Jamus ɗin, a yankin duwatsun Erzgebirge, da haƙar ma'adinai ta ja baya mutane suka koma sassaƙa, kuma har yau an san garin Seiffen da kayan Kirsimeti na katako.

Abu na farko, itacen. Reshen darbejiya nake so, mai kaurin damtsen yaro, don ƙwari ba su cika damunsa ba, ga shi ko'ina a unguwa. Reshen mangwaro ma yana yi. Amma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace: kada ku yanka ɗanyen reshe ku shanya a rana. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan itace da sauri, bayansa ya bushe cikinsa bai bushe ba, sai ku wayi gari kowane yanki ya tsage daga baki har tsakiya. Ku nemi reshen da aka sare tun ƙarshen damina, wanda ya sha iska a inuwa. In ɗanye kawai kuka samu, ku yanka shi ku jera a kwali a cikin ɗaki, nesa da taga, ku riƙa juyawa har sati biyu ko uku. Shi ya sa nake cewa a fara tun Nuwamba. Wanda ya bari sai ana saura kwana uku, ya haƙura da reshe ya nufi wurin kafinta.

Wurin kafinta kuwa akwai arziki a zube a ƙasa. Ku gaisa da kyau, ku ce, "Maigida, sannu da aiki. Ko za a taimaka mana da guntayen da suka rage?" Yawanci ba sa hanawa, in ma an karɓi wani abu bai taka kara ya karya ba. Ku zaɓi marasa kauri. Duk wanda kuka ga ya yi baƙi ko yana warin magani, irin na rufin ɗaki da ake shafa wa maganin gara, ku bar shi, ba na hannun yara ba ne. Ku roƙi tsohuwar samfefa tun kuna wurin.

Yankan aikin manya ne. Ku danne reshen a kan benci, ku yanka da zarto faifai-faifai kamar yankan albasa, kaurin kowanne kada ya wuce santimita 1. In ya fi haka yakan yi nauyi ya rinjayi reshen bishiyar. Ɓawon a bar shi, shi ne kyan abin. Daga nan sai a miƙa wa yara su goge fuska biyun da samfefa a tsakar gida, su juya wa iska baya don kada garin ya shiga ido.

Hudar rataya ba a yin ta da guduma, ƙusa tana tsaga faifan. Ku riƙe ƙusa mai inci 3 da filaya, ku sa bakinta a garwashi har ta yi ja, ku danna ta ɗan nesa da baki. Sau biyu ko uku ta ratsa. Da wannan ƙusar mai zafi ake zane ma, yadda masu zanen ƙwarya suke yi da wuƙarsu. Mahaifiyata ta iya wannan tun tana budurwa. Takan zana layi-layi da ɗigo-ɗigo a gefen faifan ba tare da ta fara shatawa da fensir ba, jikokin suna kewaye da ita suna cewa, "Kaka, yi mini nawa." A ganina zanen wuta ya fi kowane fenti kyau a jikin darbejiya, kuma ba ya gogewa. Sai dai yaro kallo ne nasa a nan, kada a ba shi filayar.

Nasu shi ne launi. Fentin ruwa da ya rage daga shafen ɗaki ya isa, ko irin na 'yan makaranta. Fentin mai yana jimawa bai bushe ba, ƙura ta manne masa, ga wanke hannu sai da kananzir. In babu fenti, ku leƙa madafa da ɗakin uwargida: kurkum yana ba da ruwan ɗorawa, bula ta wanki tana ba da shuɗi, lalle kuma ja mai duhu idan ya kwana a jikin itacen. Ku bar yara su zana abin da suka ji a makarantar Lahadi, tunkiya, sandar makiyayi, komin dabbobi, raƙumi. Kada ku gyara musu. Raƙumin da ya yi kama da akuya a rataye shi haka, mai shi ya san abin da ya zana. Bayan ya bushe, ɗan man kaɗe a tsumma ya isa ya fito da sheƙin wanda ba a yi wa fenti ba.

Tauraron da ke hawa can sama, wanda ke tuna mana da masanan da suka zo daga gabas neman jaririn a Baitalami, ba ya bukatar zarto. Ku sami tsinkaye 5 masu tsawo ɗaya, na tsire ko siraran rassa. Ku ɗaura su baki da baki da zare har su zama doguwar sarƙa, sannan ku riƙa lanƙwasa sarƙar a wuraren ɗaurin, tsinkayen suna gitta juna, har bakin na ƙarshe ya haɗu da bakin na farko. Ku ɗaure nan, ku ɗiga gam a duk inda biyu suka gitta. Karan dawa ma yana yi, tunda a lokacin an gama girbi, kuma duk yaron da ya taɓa ƙera motar kara zai fi ku sauri.

Wanda ba shi da bishiyar roba, ya sami busasshen reshe mai yatsu da yawa, ya kafa shi a tsohon bokitin fenti da yashi da duwatsu, ya naɗe bokitin da atamfa. Manyan faifai a ƙasa, ƙanana a sama. In akwai mai rarrafe a gidan, duk abin da zai shiga bakinsa a ɗaga shi inda hannunsa ba ya kaiwa. Kyandir kuma kada ya kusanci wurin ko da an ɗauke wuta, domin busasshen itace da iskar Disamba ba sa jiran kowa.

Kafin a rataya, kowa ya rubuta sunansa da shekarar a bayan nasa. Ulu ko zaren ɗinkin buhu ya isa rataya. Bayan sabuwar shekara sai a kwance su, a goge ƙura, a jera a gwangwani mai murfi tare da busasshen ganyen darbejiya, a ɗora a kan kanta, kada a ajiye a ƙasa saboda gara da danshin damina.