Matakan sauƙaƙa wa yaro taurin bayan gida

1. Idan jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za ki ba shi, ki yawaita shayarwa.

2. Wanda ya fara cin abinci, ƙara masa ruwa. Dama masa nunanniyar gwanda, cokali biyu ko uku da safe. Miyar kuɓewa, alayyahu da wake suna tausasa kashi. Rage biskit da farin burodi, su ne masu laifin sau da yawa. Zuma kuwa, sai ya cika shekara ɗaya.

3. Kwantar da shi rigingine, ki murza cikinsa a hankali, ki motsa ƙafafunsa kamar yana tuƙa keke.

4. Bayan ya ci abinci, zaunar da shi kan fo na minti 5, ba tsawa.

5. In kin ga amai, jini ko kumburin ciki, asibiti kai tsaye.