Yadda muka tayar da tsofaffin kwamfutoci a makarantarmu ba tare da satar ROM ba

Ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya, kuma har gobe BASIC, wani yaren rubuta manhaja, yana cikin abin da muke koya wa yara. Sun gaji da kwafar 10 PRINT daga allo. Sai wani abokina a Samaru ya ba ni filash cike da manhajojin kwaikwayo, waɗanda ke sa kwamfutar yau ta rikiɗe ta zama ta shekarun 1980. Da na nuna wa firinsifal ɗinmu, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, wannan kayan namu ne, na aro ne, ko na sata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu."

Abin da na fara ganewa shi ne ƙofar kwaɗo biyu gare ta. Manhajar kwaikwayon kanta yawanci kyauta ce. Amma galibinsu ba sa tashi sai da ROM, wato ƙaramar manhajar da kamfani ya dasa a cikin na'urar tun a masana'anta, kuma ita tana da mai ita ko da na'urar ta daɗe da barin kasuwa; wannan ne kwaɗo na farko. Kwaɗo na biyu shi ne manhajar darasin da za ka ɗora a kai. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, don haka cewa "ai tsohon abu ne" ba hujja ba ce.

Ka fara da abin da ba ya buƙatar izinin kowa. DOSBox, mai kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci masu aiki da tsarin DOS, ba ta neman ROM na wani kamfani, tana zuwa da nata. Akwai FreeDOS, tsarin DOS na kyauta da Jim Hall ya fara a 1994, akwai PC-BASIC da ke kwaikwayon GW-BASIC, wato tsohon BASIC na Microsoft, akwai UCBLogo ga mai son yara su yi zane da kunkurun Logo. Microsoft ma da kanta ta saki MS-DOS 1.25 da 2.0 a ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya yarje wa kowa amfani da su kyauta, a 2018, sannan 4.0 a 2024. A nan kawai na sami kusan duk abin da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare ke buƙata, ban kashe ko sisi ba.

Daga nan sai waɗanda masu su suka yafe. Kwamfutar ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair ta fito a 1982, Amstrad ta sayi harkar a 1986, daga baya ta amince a riƙa raba ROM ɗin tare da manhajar kwaikwayo, muddin ba a goge sanarwar mallakarta ba kuma ba a sayar da ROM ɗin ba. Shi ya sa Fuse, manhajar kwaikwayon Spectrum, take zuwa da ROM ɗinta a ciki. Ni dai na buga takardar sharaɗin na ajiye, domin baki ba ya zama shaida ranar da sifeto ya zo.

ROM ɗin kwamfutocin Commodore 64 da Amiga kuwa saye ake yi. Cloanto tana sayar da C64 Forever da Amiga Forever tare da ROM masu lasisi. Kafin ka biya, ka tambaye su ko lasisin na mutum ɗaya ne ko zai isa kwamfutoci goma sha biyar na ɗakin gwaji. Mu mun fasa, domin biya da dala ba ƙaramin ciwon kai ba ne ga makaranta irin tamu.

BBC Micro, wadda Acorn ta ƙera a 1981 ta cika makarantun Ingila, ita na fi kwaɗayi. Sai dai Acorn ta watse a ƙarshen shekarun 1990, kadarorinta suka yi ta sauya hannu. An buɗe RISC OS, tsarin aikin kwamfuta da Acorn ta ƙirƙiro, ga kowa a 2018 da lasisin Apache, amma wannan na na'urorin da suka biyo baya ne, kada ka ruɗe. Na haƙura na ɗauki BBC BASIC for SDL 2.0 na Richard Russell, wanda kyauta yake, yaren kuma shi ne dai na BBC Micro.

Idan sai ka rubuta wasiƙar neman izini, ka rubuta a takardar makaranta mai tambari, da sa hannun firinsifal. Ka faɗi sunan ROM ɗin ko manhajar darasin da lambar fitowarta, yawan kwamfutocin, cewa cikin aji kawai za a yi amfani da ita, ba za a sayar ba, ba za a ba yara su tafi da ita gida ba. Ka nemi amsa a rubuce. Wasiƙu uku na aika wa masu tsofaffin manhajojin lissafi, ɗaya ce ta sami amsa. Sauran biyun na cire kayansu daga kwamfutocinmu, don shirunsu ba amincewa ba ne.

Filash ɗin abokina kuwa na mayar masa ranar Asabar da na je Samaru. A bangon ɗakin gwajinmu yanzu akwai takarda mai layi huɗu: sunan manhaja, mai ita, irin lasisinta, da lambar shafin da shaidar take a cikin fayil ɗin ofishin firinsifal.