Kafin ka mayar da Hiace ɗinka ɗakin kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin gyara bas don tafiya inda babu wutar NEPA, irin su Yankari ko ƙauyukan gefen dam ɗin Tiga, ku fara da maganin zafi kafin kayan ado. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, rufin mota kuwa ƙarfe ne. Idan ba a shimfiɗa soso mai tare zafi tsakanin rufin da silin ba, ko katifa ta kai wace iri barci ba zai yiwu ba. A huda rufin a sa fanka mai zuƙe iska waje, tagogi kuma a sa musu raga saboda sauro.

Batun wuta, yi lissafi tun kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari sayen kaya. Farantin sola mai wat 300, da awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba ka kusan wat-awa 1,500 (ma'aunin yawan wutar da aka tara) a rana, kuma ba duka ke isa batir ba. Wannan ya ɗauki ƙaramin firiji, fanka, fitilu da cajin waya, amma na'urar sanyaya ɗaki a bar ta. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kan farantin, a riƙa gogewa kowace safiya.

Ruwa ma nauyi ne, lita 100 daidai take da buhun siminti biyu. A ajiye tankin a ƙasa kusa da tayoyin baya, mai walda ya ɗaure shi da ƙarfe.

Don Allah kar a kunna gas ana girki ƙofofi a rufe, hayaƙin da ba a gani yana kisa.