Kafin Duhun Disamba: Gyara Allon Kwamfutarka Don Idonka Ya Huta

Wanda ya sauka Birtaniya a watan Satumba, ko karatu ne ya kawo shi ko aiki, yakan tarar rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 7, sai ya ɗauka haka za a ci gaba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin Disamba ta raba, Magariba ta shiga tun ƙarfe 4 ba ta cika ba a Landan, a Glasgow kuwa tun wajen huɗu saura kwata. Yinin gaba ɗaya bai kai awa 8 ba, alhali a Kano ko a tsakiyar hunturu ya haura awa 11. Ga hadari kullum a sama. Kusan duk karatunka da aikinka a ƙarƙashin kwan lantarki za ka yi su, ido a kan allo.

Su riga mai kauri da takalmin ruwa kowa zai faɗa maka. Zancen allo ne ba a cika yi wa baƙo ba, shi kuwa yana wahalar da mutane ƙwarai. Shekarata ta farko, da zarar an yi La'asar sai kaina ya fara sarawa, ido yana yaji kamar an watsa masa yashi, rubutu yana yi mini dishi-dishi. Na ɗora laifin a kan sanyi, na yi ta shan maganin ciwon kai. Wata yayarmu 'yar Kumasi da ta riga mu zuwa ta leƙo teburina a ɗakin karatu ta ce, "Ƙanena, wannan ai fitila ka kunna wa idonka." Ta ɗauki farar takarda ta kara a gefen allon. Takardar ta yi duhu kusa da shi. Kwamfutar tana nan yadda na saita ta a gida, haske a ƙure, don ta yi gogayya da ranar da ke shigowa ta tagogin ofis.

To daga nan za ka fara, ɗan'uwa. Buɗe shafin rubutu wanda babu komai a kansa, ka riƙe farar takarda a gefe, ka yi ta rage hasken har farin allon ya yi kusa da farin takardar. A Windows ka shiga Settings, sai System, sai Display. A Mac kuma System Settings, sai Displays. Da farko za ka ga kamar ya yi duhu da yawa. Ba shi minti 10, ido zai saba. Kuma ba saiti ɗaya ake yi a manta ba: hasken da ya dace da ƙarfe 11 na safe kusa da taga ya yi yawa bayan Isha'i. Kada ka kashe fitilar ɗaki ka bar allo shi kaɗai don tsoron kuɗin wuta. Kwan LED ɗaya abin da yake ci kaɗan ne, hita ce ke cinye kuɗi. Ƙaramar fitilar tebur da ke haska bangon bayan kwamfuta ta wadatar.

Sai girman rubutu, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Mutum ya ga rubutu ya yi ƙanana, sai ya je ya rage adadin ɗigon allon, wato wurin da aka rubuta Display resolution. Rubutun zai girma, amma ya dushe, domin kowane allo da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, misali 1920 a kwance da 1080 a tsaye, idan ka ba shi wani adadin dole ya shafa haruffa don su cike gurbi. Bar shi a kan wanda aka rubuta wa Recommended. Abin da za ka taɓa shi ne Scale da ke samansa: kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Ƙaramar kwamfuta mai inci 13 ko 14 yawanci 150 ne ya dace da ita. Idan a intanet kake karatu, danna Ctrl tare da alamar tarawa ya ƙara girma, Ctrl da sifili ya mayar yadda yake. Babu abin kunya a ƙara girman rubutu. Na ga samari suna kusantar da fuska har hanci ya kusa taɓa allo, su ƙi ƙarawa wai kada a ce ido ya fara tafiya. Allo ya kasance nesa da kai kamar tsawon hannu, bakinsa na sama daidai da idonka ko ƙasa kaɗan. Littattafai uku a ƙarƙashin kwamfuta sun isa su ɗaga ta.

Da yawanmu mukan sayi babban allo na hannu a wurin ɗaliban da suka gama ko a Facebook, abu ne mai kyau, kuma wanda ya zo daga Nijeriya ba ya buƙatar canjin fulogi, mai baki ukun nan ne dai irin na gida. Sai dai irin wannan allon yakan zo da saitin mai shi na da, ko na kanti, launi ya yi ta ƙyalli don jan hankalin mai saye. Lalubi maɓallan da ke ƙasansa ko bayansa, ka mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, sannan ka zaɓi sRGB ko Standard, ka bar su Vivid da Game. In akwai wurin zaɓen ɗumin launi, 6500K shi ne farin da aka gina shafukan intanet a kansa.

Bayan haka Windows na da kayan aiki biyu na kyauta da mutane ba su sani ba. Rubuta ClearType a wurin bincike: zai nuna maka rubutu iri-iri, kana zaɓar wanda ya fi fita a idonka, kamar yadda likitan ido ke sauya gilashi yana tambaya. Minti 2 an gama. Na biyun, rubuta dccw. Wannan shi ne daidaita launi. Zai nuna maka wasu da'irori masu ɗigo a tsakiya, ka ja ma'auni har ɗigon ya kusa ɓacewa. Sai ya nuna sanduna masu ruwan toka, ka duba ko sun karkata zuwa ja, kore ko shuɗi, ka rage wanda ya yi yawa. Bar allon a kunne kamar rabin awa kafin ka fara. Na'urar auna launi da ake rataya wa allo ta masu ɗaukar hoto ce da masu zane, mai karatu da rubutu ba ya buƙatarta.

Akwai kuma hasken dare, Night light a Windows, Night Shift a Mac, wanda ke mayar da allo ruwan ɗorawa. Yana da daɗi a ido da daddare. Amma kada ka bar shi a kan faɗuwar rana zuwa fitowarta. A ƙasar nan wannan yana nufin ya kunna kansa tun ƙarfe 4 a Disamba kana tsakiyar aiki da jadawali masu launi, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe 9. Sa masa lokaci da hannunka, kamar daga 8 na dare, kuma ka kashe shi kafin daidaita launi. Baƙin shafi mai farin rubutu wasu yana yi musu, wasu kuma haruffan ne ke bazuwa a idonsu. Gwada kwana biyu ka gani. Tabarau mai tare shuɗin haske dai ban ba ka shawarar kashe kuɗi a kansa ba: nazarin da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2023 bai ga alamar yana rage gajiyar ido ba.

Yajin idon nan kuwa ba duka daga haske yake ba. Hita tana busar da iskar ɗaki kamar hunturun gida, mai kallon allo kuma ƙiftawarsa raguwa take yi bai sani ba. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. A lokacin sanyi Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa cikin 'yan awoyi, tashin nan da alwalar ma hutu ne ga ido.

In aiki kake yi da kwamfuta, kana da haƙƙin da ya kamata ka sani. Dokar Birtaniya ta 1992 a kan aiki da allo ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya duba yanayin teburin wanda ke aiki da allo kullum na awa ɗaya ko fiye a jere, ko da daga gida yake yi. In ka nemi gwajin ido shi zai biya, in kuma gwajin ya nuna kana buƙatar tabarau na musamman don nisan allo, shi zai sayi na talaka. Mu mun taso da kawaici, muna ganin roƙo ne. Ba roƙo ba ne, 'yan ƙasa tambaya suke yi kai tsaye, ba wanda ke ganin baƙinsu.

Ko ba ka aiki, ka je gwajin. A Sikotland kyauta ne ga mazauna tun 2006. A Ingila akasari biya ake yi, sai dai kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 16, da wanda ya kai 60, da mai ciwon suga, da wanda ya kai 40 kuma mahaifi, mahaifiya, ɗa ko ɗan'uwansa na jini ke da hawan jinin ido. Wannan ciwon ya fi kama mu 'yan Afirka, yakan zo mana da wuri, kuma yana cin gefen gani a hankali ba tare da zafi ba. Idan ka gyara allo mako biyu ciwon kai bai sake ka ba, ko a gidanku akwai wanda ganinsa ya tafi kafin tsufa, ka shiga shagon masu gwajin ido da ke unguwarku ka karɓi rana. Ba sai likitanka ya tura ka ba.