Inda Za Ka Dasa Fada a Wasan Civilization, da Lokacin Tayar da Ita

Wata Asabar bayan sallar isha'i, a tsakar gidanmu da ke Aboabo a Kumasi, ɗan yayata ya ja benci ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar cinyar da na harhaɗa daga ragowar kayan shagona na Adum. Muka buɗe Civilization VI, wasan kafa garuruwa da gina daula, irin zubin da mutum biyu ke karɓa-karɓa a na'ura ɗaya. Shi ya fara. Taswira ta buɗe masa da kogi a ƙarƙashin ƙafar mai saran garinsa, ga shinkafa a gefe, ga tudu taku ɗaya. Sai ya hango duwatsu huɗu can gabas.

"Kawu, can zan je. An ce duwatsu ne ke kawo ilimi."

Na ce masa to, Allah ya kiyaye hanya. Juyi biyar ya yi yana tafiya, ya je ya kafa gari a gindin duwatsun nan, inda ko ɗigon ruwa babu. Da muka kai juyi na 40, mutum uku kacal ke garinsa, ni kuwa har na sallami mai saran gari na biyu. Ya dube ni ya ce wai kwamfutar son kai take yi, tunda ni na gyara ta.

Ba ƙarya aka faɗa masa ba. Unguwar ilimi, wadda wasan ke kira Campus, tana samun ƙarin maki 1 a kan kowane dutse da ke jikinta. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne lissafin masauki. Garin da aka kafa a bakin kogi ko tafki ko dausayin hamada yana farawa da masaukin mutum 5. Na bakin teku 3 yake samu, na kan tsandauri 2. Fada tana ƙara 1. Wato garina 6, nasa 3. Kuma da zarar ya rage wurin mutum ɗaya a cika, haihuwa takan ragu da rabi, in an cika ta ragu da kashi 75 cikin 100. Shi tun yana da mutum biyu aka ɗaure masa ƙafa. Mai saran gari kuma duk wanda ka fitar mutum ɗaya yake ɗauke maka, unguwa ta biyu ba ta samuwa sai gari ya kai mutum 4, ta uku sai 7. Akwai magudanar ruwa da ake ja daga jikin dutse, tana ceton irin wannan gari, amma sai an kai ga fasahar injiniya, kafin nan maƙwabta sun cinye filin.

Don haka ruwa ne farko. In ka taɓa mai saran garin, taswira za ta rine da kanta: kore mai duhu ruwan sha ne, kore mai haske bakin teku, toka-toka babu ruwa, ja kuma an hana. Danna harafin Y ka ga amfanin kowane gurbi a rubuce. Gurbi nake kiran gidajen nan masu kusurwa shida, kamar dai gurbin dara. Sa'an nan kada ka motsa mai saran garin tukuna. Mayaƙin da aka ba ka shi za ka fara turawa, in da hali ya hau tudu, domin a can idonsa ke nisa. Sau da yawa takunsa ɗaya ke nuna maka abin da zai sa ka canja shawara, ko ka zauna inda kake da kwanciyar rai.

Bayan ruwa sai tudu, kuma ba kowane tudu ba. Tsakiyar gari, ko a kan me aka kafa shi, ba ya kasa abinci 2 da ƙarfin aiki 1. To tudun fili mai launin ƙasa-ƙasa yana da abinci 1 da aiki 2, sai wasan ya cike abincin ya bar maka aikin, ka tashi da 2 da 2. Tudun ciyawa kore ba ya ƙara maka komai a nan sai tsaro. Mutane kan raina wannan maki ɗaya, amma ɗauki alƙalami. Fada tana ba da aiki 2, tsakiyar gari 1, gurbin da mutuminka na farko ke nomawa a ce 2, jimla 5. Mai saran gari na farko kuɗinsa 80 ne a gudun wasa na yau da kullum, wato juyi 16. Da 6 kuwa juyi 14 ne. Ka ga juyi ɗaya da ka ɓata wajen hawa tudun ya dawo da riba tun a saye guda, ban da ɗan leƙen hanya da magini da suka riga shi fita da wuri, kuma makin nan yana nan har ƙarshen juyi 500.

Ga ƙa'idar da nake bi. Taku ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kyauta ne, domin mai saran gari taku biyu gare shi, zai matsa ya kafa a juyin farko. Tudu ko kurmi yana cinye takun duka, sai juyi na biyu, kuma ina biyan wannan ba tare da na yi dogon tunani ba in akwai ruwa a wurin. Juyi na uku sai in abin da na hango ya kai a yi asara dominsa, kamar kayan alatu da zan zauna a kansu. Wannan ma dabara ce da sababbin hannu ba su sani ba: in ka kafa gari a kan kayan alatu, amfanin gurbin na nan, kayan kuma su shigo hannunka ba tare da ka kashe magini ba, har ka sayar wa maƙwabci ka karɓi zinariya. Abin da ya wuce juyi uku kuwa, kwaɗayi ne mabuɗin wahala. Mai saran gari ba ya faɗa, in maharan daji suka tsinto shi, wasa ya ƙare tun ba a fara ba.

Tonawa suna da labarin yadda aka zaɓi garin nan da muke zaune. Wai Okomfo Anokye ya dasa itacen kum a wurare daban-daban a zamanin Osei Tutu, na nan ya kama ya yi inuwa aka ce Kumasi, na can ya mutu aka ce Kumawu. Su sun samu damar dasawa su jira su gani. A wasa dashe ɗaya gare ka, don haka kafin ka danna, ɗaga ido ka ƙirga maƙwabtan gurbin. Gari yana cin gurabe har zobe na uku, amma zoben farko da na biyu su ne abincinka na farkon wasa. Ina so in ga aƙalla gurabe biyu da abinci da aikinsu suka haɗa 4, irin su tudun ciyawa mai kurmi. Duwatsun da suka ruɗi ɗan yayata ba sai sun jingina da gari ba. Su kasance gurbi biyu ko uku daga tsakiya ya wadatar, unguwar ce ke bukatar jikinsu. Kumasi ma, af, tana cikin wasan a matsayin ƙaramar ƙasa mai cin gashin kanta, ta ɓangaren al'ada, kuma ban taɓa iya kai mata yaƙi ba ko da tana tsaye a kan hanyata.

Ka kuma bar wa 'ya'ya wuri. Dole a samu gurabe uku tsakanin gari da gari, to in ka cusa babban birninka a bakin wani siririn tsibiri, rabin da'irarka ruwa ne, sauran garuruwa sai su jeru kamar layin motocin haya na tirotiro a tashar Kejetia, kowa nesa da uwa. Tun daga ƙarin Rise and Fall na 2018 akwai lissafin biyayya, inda mutanen kowane gari ke jan garuruwan da ke cikin gurabe 9 da su, na nesa da 'yan'uwa kuma ya iya ɓallewa. Mai wasa da Maya ya fi kowa shan wannan: garuruwan da ke cikin gurabe 6 da fada suna samun ƙarin kashi 10, na waje suna asarar kashi 15, saboda haka tsakiyar ƙasa zai nema. Mali ta Mansa Musa kuwa hamada take so a jikin gari, kowane gurbin yashi yana ƙara abinci 1 da imani 1, amma ko ita da kogi a gefe ta fi kyau. Fadamar kogi tana da albarka, sai dai tun ƙarin Gathering Storm na 2019 takan yi ambaliya ta rushe gona da unguwa kafin ta bar taki. Wanda ya yi damina kusa da rafin Aboabo ba sai an yi masa bayani ba. Ka zauna, amma ka tanadi gurbin madatsar ruwa.

Sai maganar ƙaura, wadda ita ce tambayar da yaron ya yi mini a daren nan: "To Kawu, ba za a iya ɗauke fadar a mai da ita bakin kogi ba?" Amsar ta danganta da wane Civilization ke gabanka. A na biyar, na 2010, babu hanya. A na shida ma babu, sai ga mutum ɗaya, Dido ta Finisiya. Ita in ta gina tashar jirginta mai suna Cothon a wani gari da ta kafa, akwai aiki na musamman da ke mai da fada can. Amfaninsa biyu ne. Garuruwanta na bakin teku da ke nahiya ɗaya da fada biyayyarsu cikakkiya ce, don haka in ta tsallaka wata nahiya ta tarar da masu ƙarfi, sai ta kai fadar can, garuruwan su kafu daram. Na biyun wayo ne tsantsa. Akwai dokar harajin mulkin mallaka da ke ƙara kashi 25 na zinariya da kashi 10 na aiki ga garuruwan da ba sa nahiyar fada. To in ka kai fadar wani ɗan gari a ƙetare, manyan garuruwanka na gida duk sun zama 'yan ƙetare, su kwashi garaɓasar. Sai dai ka tuna mai neman nasarar yaƙi fadar yake hari, kada ka kai ta inda babu ganuwa.

Inda ƙaura ta zama sana'a sosai shi ne Civilization IV na 2005, wanda har yau shi na fi buɗewa in masu wuta suka ɗauke, don ba ya cin batir. A can fada gini ce kamar kowane gini, guduma 160, wato ma'aunin ƙarfin aiki a can, in kana da garuruwa huɗu. Tana ɗauke da kuɗin shiga 8, kuma kuɗin riƙon kowane gari yana hawa gwargwadon nisansa da ita. Babban abin kuwa shi ne tsarin mulkin ma'aikata, Bureaucracy, mai ƙara kashi 50 na guduma da kashi 50 na kuɗin shiga a babban birni kaɗai. In an jefa ka a garin tuddai da kifi, sa'an nan ka samu wani wuri mai kogi da fadama da koren fili, ga yadda za ka yi. Kafa gari a can da wuri, ka cika bakin kogin da bukkoki, ka sa mutane su zauna a kansu, domin bukka ba ta girma ta zama ƙauye har ta zama gari sai ana aiki a kanta. Fadar ita ce ƙarshen zuwa, dab da samun tsarin mulkin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na taɓa yin ta a baibai: na kashe babban masanina na farko wajen gina makarantar da ke ƙara kashi 50 na ilimi a tsohon birni, bayan juyi kaɗan na tayar da fada. Makarantar ba ta bin fada, can ta zauna tana koyar da masunta. Tun daga ranar, kafin in dasa wani abu mai tsada nake yanke inda fada za ta kwana.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Turawan Ingila sun tayar da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877. Najeriya ta bar Legas ta koma Abuja a watan Disamba na 1991, shekarar da Civilization na farko ya fito, bayan an shafe shekaru ana gina garin kafin a kawo kujerar. A Kodibuwa an ce Yamoussoukro tun 1983, amma har yau Abidjan ke riƙe da kasuwa da yawancin ofisoshi, kamar makarantar nan tawa.

Na uku, na 2001, yana da wata muguwar dabara: a watsar da babban birni gaba ɗaya, fada ta yi tsalle kyauta zuwa garin da ya fi cancanta, galibi mai yawan jama'a. Tana aiki, amma ban taɓa jin daɗinta ba. Na bakwai da ya fito a Fabrairun 2025, wanda Sarauniya Amina ta Zazzau ke cikin shugabanninsa, shi kuma yana ba ka zaɓin sauya babban birni duk lokacin da zamani ya juya. In za ka shiga zamanin tsallaka teku kana da gari mai kyau a gaɓa, duba shi da kyau kafin ka wuce.

Asabar da ta biyo baya yaron ya dawo da kokonsa a leda. Ya tura mayaƙi kan tudu, ya danna Y, ya yi shiru yana ƙirga da yatsa a jikin gilashi har na ce ya daina shafa mini maiƙon ƙosai. A juyi na biyu ya kafa a kan tudun fili, kogi na bi ta gindinsa, duwatsu biyu a zobe na biyu. Kafin juyi na 50 ya toshe mini mashigar da nake hari da gari na uku. Yanzu Dido yake so, ya riga ya tambaye ni ko fadar za ta iya tsallakowa nahiyata.