Yadda za ka yi zanen saman ƙofa da mul, dabarar da na ɗauko wurin wani Bajamushe

Jama'a salamu alaikum. Tun da na sa hoton dagin da na liƙa ma wani alhaji saman ƙofar gida nan Tahoua mutane ke ta tambaya wai da hannu na sassaƙa shi jikin bango? A'a wallahi, a ƙasa na yi shi, da mul, wato mazubi mai ramin siffar zanen da ake zuba siminti ciki.

Dabarar ba tawa ba ce. Akwai wani Bajamushe Johann Gottfried Schadow, an haife shi 1764 ya rasu 1850, shi ya tsara dawakan nan huɗu masu jan keke da ke bisa ƙofar Brandenburg ta Balin, anka ɗora su 1793. Mutumen bai hau sama da guduma ba, ƙaramin samfur ya fara yi, sannan masassaƙa sunka yi babba da katako, sannan maƙeri ya buga fallayen jan ƙarfe. Yaƙin duniya na biyu ya ragargaza su, kan doki guda kaɗai ya tsira, amma da yake an ɗauki mul ɗinsu da palatir (farar hodar nan mai daskarewa in an kwaɓa ta da ruwa) tun 1942 sai anka sake ƙera su 1958. Mu dai ba ruwanmu da siffar doki ko mutum, dagi da fure da takobi sun ishe mu kamar na gidajen Birnin Damagaram, amma hanyar guda ce.

To ka fara da yumɓu, irin na mata masu ginin tukwane. Yi ɗan ƙarami kamar tafin hannu biyu, ka sa yaro ya hau tsani ya riƙe shi daidai inda za a liƙa, kai kuma ka ja baya har tsakiyar rariya ka duba. Nan ne mutane ke kuskure, abin da ya yi kyau a hannu in ya hau sama ɓacewa yake, ƙananan layuka duk banza, inuwa ita ke fito da zane, don haka ka zurfafa yanka ka rage iyayi, kuma ka duba shi da hantsi ka sake dubawa da la'asar don rana na sauya mai fuska. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya san mi nake faɗi.

In ya yi maka sai ka yi babba da yumɓu bisa allo, kowane gefe ya ɗan kwanta, kar ka bar lungun da ya shige ciki don mul zai maƙale. Ka kewaye shi da katako, ka kwaɓa palatir. Hoda ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa cikin hoda ba, kuma kaɗan kaɗan don bai jiran kowa, kana juya baya ya daskare. Zubin farko ya zama ruwa-ruwa ya shiga kowane saƙo, na biyu ka haɗa da zaren buhun gara don ƙarfi. Za ka ji ya yi ɗumi, ka bari ya huce sannan ka kwashe yumɓun ka wanke.

Yanzu sabulu. Ka narka shi ya yi kauri ka shafe cikin mul ɗin sosai. Ni karon farko na mance, siminti ya kama palatir gam, na zauna da kurfi ina fasa aikin kwana huɗu, yaran shago na ta ƙunshe dariya.

Siminti awo guda, rairayi tankaɗaɗɗe awo biyu. Zuba rabi, shimfiɗa giriyaj wato ragar waya, cika sauran, ka bubbuga gefe iska ta fita, ka bar wayoyi sun leƙo ta baya don da su za ka kama bango. Bayan kwana biyu ka cire a hankali, ka aje a inuwa ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu kana yayyafa ruwa har sati guda, zafin garinga in ka bar shi a rana tsagewa zai yi. Kar ka yarda ka liƙa na palatir a waje, damina guda za ta cinye shi.

Mul ɗin kuma ka wanke, ka rubuta sunan mai gida da shekara a bayansa, ka jingine shi inda ruwa ba ya zuba.