Kurakuran da ke sa ana lallasa ka a gem ɗin ƙwallo, da yadda za ka gyara su

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem ya san wannan takaicin. Ƙwallo tana ƙafarka tun daga fara wasa, ka kai hari ya fi goma, gola ya kaɗe wasu, turke ya dawo da wasu, sai a minti na 90 abokin karawarka ya leƙo gidanka sau ɗaya tak ya zura maka. Nan take sai ka ji bakinka yana cewa, "Wallahi gem ɗin nan shirya shi aka yi." Ni ma na sha faɗin haka. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar da na fara tsayawa ina kallon maimaicin ƙwallayen da aka ci ni, sai na ga yawancinsu ni na buɗe ƙofar da kaina.

Babban ciwon shi ne maɓallin gudu. A PlayStation, R2 ne a gem ɗin kamfanin EA (FIFA), R1 kuma a tsarin asali na PES, tsohon gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami. Sabon ɗan wasa yakan danne shi daga usur ɗin farko, ba ya sake shi sai an tashi. Abin da bai lura da shi ba, ɗan wasan da ke tsala gudu yana tura ƙwallo nesa da ƙafarsa, juyawa tana yi masa nauyi, fasin ɗinsa kuma ba ya zuwa daidai. Wanda ya iya tsaro ba ya ma wahalar da kansa, jira kawai yake ka tura ta gaba ya ɗauke. Ga gajiya: kafin minti na 70 'yan bayanka na gefe sun zama kamar an zare musu laka, shi kuwa ya sako sabon ɗan gaba mai jini a jika. Sauri ya haifi nawa ke nan. Maganin yana da ɗaci amma yana aiki. Ka buga wasa uku ko huɗu da kwamfuta ba ka taɓa maɓallin ba, sai in fili ya buɗe fetal a gabanka. Wasan farko za ka ji kamar an ɗaure ka. A na uku za ka fara ganin hanyoyin da da can kake wuce su a guje.

Sai tsaron gida, inda tsofaffin hannu ma suke faɗawa. Kafin FIFA 12, wanda ya fito a 2011, danne maɓalli ɗaya ya isa, ɗan wasanka zai bi mai ƙwallo har ya ƙwace. Daga wannan shekarar aka mayar da nauyin kan mai buga gem, ya zaɓi inda zai tsaya da lokacin da zai sa ƙafa. Kiɗa ya canza, amma har yau wasu tsohuwar rawar suke takawa. Za ka ga mutum ya janyo ɗan bayansa na tsakiya ya fito har kusa da tsakiyar fili yana farautar ƙwallo, ya bar gibi a bayansa da babbar mota za ta wuce. Bar 'yan bayan a layinsu. Ka kama ɗan tsakiyan da ke tare gaba gare su, ka riƙe L2 kana ja da baya kana fuskantar mai ƙwallo, ka toshe hanyar fasin. Sauya ɗan wasa ma ka koyi yi da sandar dama ta hannun gem, domin L1 sau da yawa na kusa da ƙwallo yake ba ka, kai kuwa mai bin wancan da ya sulale kake buƙata. Zamewa a ƙasa cikin yadi na 18 kuma neman fenariti ne da kanka.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ba kowane fasin ne ake yi da maɓallin alwatika ba, sai ka ga ɗan gabanka ya fara gudu kuma akwai fili. Ƙaramar taswirar da ke ƙasan allo ba ado ba ce, ka riƙa satar kallonta kafin ƙwallo ta iso ka. In ka cika ƙarfin bugu har ƙarshe kana daf da raga, 'yan kallo za ka aika wa. Wanda kuma yake tsalle tsakanin gem biyu ya shiga saiti ya daidaita maɓallansa, don a na EA da'ira ce bugun raga, a na Konami kuwa murabba'i ne. Ba abin da ya kai ka yanke mutum uku, ka rage kai da gola, sai ka ɗaga ƙwallo ta tafi kwana.

To, batun an shirya wasa fa? A 2020 wasu masu buga gem sun kai kamfanin EA ƙara a jihar Kalifoniya ta Amurka, suna zargin yana sauya wahalar wasa a ɓoye. A 2021 suka janye ƙarar, kamfanin kuma ya dage cewa ba ya yin hakan a Ultimate Team, wato ɓangaren gem ɗin da kake gina ƙungiyarka da katunan 'yan wasa. Abin da kake ji kamar 'yan wasanka suna tafiya cikin taɓo yawanci jinkirin intanet ne, kuma wannan gaskiya ne, ba laifinka ba ne. Sai dai kana da ta yi. Haɗa na'urar da kebul ɗin intanet kai tsaye ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, ka tsayar da duk abin da ake saukewa a lokacin, ka kuma sa talabijin ɗinka a saitin gem, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin motsi a allo.

Inda nake ganin gem ɗin ya cancanci zargi shi ne ƙunshin katunan 'yan wasa. Tun da aka shigo da Ultimate Team a 2009, mutane ke zuba kuɗi suna buɗe ƙunshi ba su san abin da ke ciki ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca, har EA ya daina sayar da makin buɗe su a ƙasar a farkon 2019. Ga shi kuma in sabon gem ya fito, ƙungiyar da ka gina ba ta bin ka, daga tushe za ka sake. Sunan gem ɗin FIFA ya koma EA Sports FC a 2023 bayan rabuwa da hukumar FIFA, amma wannan tsarin yana nan. Kuma katin Mbappe ba ya hana mai danne R2 rasa ƙwallo.

Na ƙarshe shi ne buga wasa da fushi. An ci ka biyu a jere, maimakon ka ajiye hannun gem ɗin ka miƙe, sai ka ce sai ka rama. A wasa na uku duk abubuwan da muka lissafa suke dawowa lokaci guda: gudu, zamewa, bugu daga tsakiyar fili. Ni dokar da na sa wa kaina, in aka doke ni sau biyu a jere na kashe na'urar, sai gobe. Na fi wata guda kafin na iya bin ta.